Hukuncin nuna wa yara fim ɗin Alice na BBC

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya. Ni malamar Turanci ce a firamare. Mun karanta labarin Alice da yarana, sai na nemi fim ɗinsa a intanet na faɗa kan wani tsoho, baƙi da fari, na BBC. Wallahi kaina ya ɗaure, ba a gane gabansa bare bayansa. Maigidana ya ce ƙarya ce da tsafi, haramun ne. Ya halatta in nuna wa yara 'yan shekara bakwai zuwa tara?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malama, labarin daban, wannan fim ɗin daban, kuma hukuncinsu ba ɗaya ba ne.

Littafin, Alice's Adventures in Wonderland, wani malamin lissafi na Jami'ar Oxford ne ya wallafa shi a 1865 da sunan Lewis Carroll. Yarinya ta bi zomo cikin rami, ta sha wani abu a kwalba ta ƙanƙance, ta ci wani ta yi tsawo, daga ƙarshe ta farka ashe mafarki ne. Ƙaryar da shari'a ta haramta ita ce ka ba mutum labarin abin da bai faru ba don ya ɗauka ya faru. A nan kuwa mai bayarwa da mai saurare duk sun san ƙage ne, kamar yadda ba yaron da ke zargin kakarsa da ƙarya don ta ce Gizo ya yi wa Ƙoƙi wayo. Ibnul Muƙaffa ya fassara Kalila wa Dimna, inda zaki da dila suke magana, Hariri ya rubuta Maƙamat a kan mutumin da shi ya ƙago shi, kuma har yau ana karanta su a zaurukanmu. Abu Dawud ya ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) ya ga doki mai fukafukai biyu cikin kayan wasan Nana A'isha (RA), ya tambaye ta, ta ce ko bai ji Annabi Sulaimanu yana da dawakai masu fukafukai ba? Sai ya yi dariya, bai karɓe mata ba. Hadisin da ya yi narko ga mai shirga ƙarya don ya ba mutane dariya, akwai malaman da suka shigar da ƙagaggun labarai cikinsa, amma abin da ya fi rinjaye a wurina shi ne yana magana kan wanda ke nuna labarinsa gaskiya ne.

Batun tsafi kuwa, a yi wa maigida bayani cikin ladabi. Ba boka a labarin, ba kiran aljani, ba a roƙon wanin Allah. Kwalba ce a cikin mafarki.

Fim ɗin da kika gani shi ne wanda Jonathan Miller ya shirya, BBC ta nuna shi a ƙarshen Disamba 1966. Da gangan ya ƙi sa wa 'yan wasan fuskokin dabbobi. Zomo dattijo ne cikin kwat, sauran ma manya ne cikin tufafin Turawan Ingila na zamanin Sarauniya Victoria, suna surutai marasa kan gado a dogayen ɗakuna. Yarinyar da wuya ta yi murmushi, ana mata magana tana kallon wani gefen. Abin da yake son nunawa shi ne yadda duniyar manya take zama shirme a idon yaro, darasin da babba ne zai gane shi. BBC da kanta ba ta sa shi a lokacin shirin yara ba, sai bayan ƙarfe tara na dare. To, waɗanda suka yi abu sun ce ba na yara ba ne, mu mene ne namu na kai shi aji uku?

Sai abubuwa biyu na shari'a. Kiɗa ya ratsa fim ɗin, na Ravi Shankar ɗan Indiya, da molonsu da ake kira sitar. Ibn Abi Zaid a Risala ya hana sauraron kayan kiɗa da gangan, wannan ne ra'ayin jumhur, ko da yake Ibn Hazm ya saɓa. Na biyu, namiji ne, Leo McKern, ya fito a matsayin wata mace mai sarauta cikin kayan mata, alhali Bukhari ya ruwaito daga Ibn Abbas la'anar maza masu kamanceceniya da mata. Laifin yana kan mai aikatawa, amma bai dace a saba wa yaro da ganin haka a matsayin abin dariya ba.

Don haka ki ci gaba da karanta musu littafin, halal ne, kina tuna musu cewa tatsuniya ce. Fim ɗin kada ki nuna musu. Ke kanki, in kina buƙatarsa don shirya darasi ko nazari, ba zan ce kin yi haramun ba matuƙar kin rage sautin kiɗan, kin wuce wurin da aka ambata, kuma bai ci miki lokacin salla ba. In kin ga lallai yaran suna son gani da ido, ki ba su takarda da fensir kowa ya zana lambun da Alice ta hango ta ƙaramar ƙofa. Wallahu a'alam.