Auren Rajista da Matsayinsa a Cocin Katolika

Tambaya: Ni da maigidana 'yan Katolika ne, kuma a ofishin rajista kaɗai muka ɗaura aure a nan Katsina. Yanzu muna son ɗaura shi a coci, shin auren farko zai hana na biyu inganci? Daga wata mai karatu.

Amsa: 'Yar'uwa, ki kwantar da hankalinki, ba zai hana ba. A idon hukuma aurenku yana nan daram, amma sashe na 1108 na dokar Cocin ta 1983 ya shardanta cewa ɗan Katolika ya ɗaura aurensa gaban Fada (limamin coci) ko dikon (mataimakin Fada) mai izini, tare da shaidu biyu, don haka Coci ba ta ɗauki na rajistar a matsayin ɗaurarren aure ba tukuna.

Ku je wurin Fadan cocinku da takardun baftisma da takardar rajista. Bayan bincike da koyarwa, za ku tsaya gabansa ku furta amincewa da juna sabuwa fil, domin wannan furucin shi ne ɗaurin auren, ba sa albarka kawai ba. Abin ba ya bukatar biki. Idan kuwa ɗayanku ya taɓa auren wani a baya, kada ku ɓoye wa Fada, domin sai an warware wannan tukuna.