Fatawa: Kocin ƙwallon kwando zai iya kai wa mariƙin ɗan wasa kuɗi a ɓoye?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni mataimakin koci ne na ƙwallon kwando a wata jami'a a Amurka, aikina zawarcin yaran da ke gab da gama sakandare. Akwai wani yaro ɗan Afirka ta Yamma da muke so, iyayensa talakawa ne. Wani attajiri mai goyon bayan ƙungiyarmu ya ce zai ba ni kuɗi in kai wa mariƙin yaron hannu da hannu, ba tare da jami'a ta sani ba. Dokar NCAA, hukumar da ke kula da wasannin jami'o'in Amurka, ta hana. Amma ina ganin dokar ba ta Allah ba ce, taimakon talaka ne, kuma kowa na yi. Sannan wani dillalin 'yan wasa ya yi mini tayin na goro idan na riƙa karkato masa da yaranmu. Mene ne hukuncin waɗannan?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah Ya saka maka da alheri, ɗan'uwa, da ka tambaya kafin ambulan ɗin ta shiga hannunka.

Bari mu fara da tayin dillali, don shi ba ya buƙatar dogon bayani. Rashawa ce, haramun ce. Manzon Allah (SAW) ya la'anci mai ba da rashawa da mai karɓa, kamar yadda Abu Dawud da Tirmizi suka ruwaito. Kuma a Bukhari da Muslim akwai labarin Ibnul Lutbiyya, wanda aka aika karɓar zakka ya dawo yana cewa wannan naku ne, wannan kuma kyauta aka ba ni. Annabi (SAW) ya ce me ya hana shi zama a gidan ubansa da uwarsa ya ga ko za a kawo masa kyautar? Kai ma da ba don yaran suna jin maganarka ba, dillalin nan ko gaisuwarka ba zai amsa ba. Yaro ya ɗauka shawarar uba kake ba shi, alhali an saye bakinka. A kan irin wannan ne hukumar binciken manyan laifuka ta Amurka, FBI, ta kama mataimakan koci huɗu na jami'o'i a watan Satumban 2017: Chuck Person na Auburn, Emanuel Richardson na Arizona, Lamont Evans na Oklahoma State da Tony Bland na USC. Duka huɗun sun amsa laifi a kotu, Richardson da Evans sun yi wata uku-uku a kurkuku.

Mas'alar kuɗin mariƙi ce ke son a tsaya a kanta, domin cikin hujjarka akwai gaskiya. Dokar NCAA ba wahayi ba ce. Ba wa talaka kuɗi ba haramun ba ne a kan kansa. Ni ma ina ganin tsohon tsarin, inda jami'o'i da kociyoyi ke kwasar miliyoyin daloli, yaron da ke zufa a fili kuwa a hana shi komai sai kuɗin makaranta, akwai rashin adalci a ciki. Har kotun ƙolin Amurka ta yanke hukunci a kan hukumar a shari'ar Alston a 2021. Dokokin kuma suna sauyawa: an hukunta koci Kelvin Sampson a kan yawan buga wa yaran da yake zawarci waya lokacin yana jami'ar Oklahoma, ya maimaita a Indiana ya rasa aikinsa a 2008, sai ga shi a 2012 an sassauta dokar wayar.

Duk da haka abin da ka siffanta bai halatta ba. Ba wanda ya tilasta maka wannan aiki. Ka sa hannu a kwantiragi, a ciki ka yarda za ka bi dokokin hukumar, a kan haka ake biyan ka albashi. Allah Ya ce a farkon Suratul Ma'ida: "Ya ku waɗanda suka yi imani, ku cika alkawura." Annabi (SAW) ya ce Musulmi suna kan sharuɗɗansu, sai dai sharaɗin da ya haramta halal ko ya halatta haram. Kada wani ya ce ai wannan sharaɗin ya haramta halal ɗin kyauta. Ma'aikaci ya yarda ya bar wani abu na mubahi saboda tsarin aikinsa, wannan ba haramta halal ba ne. Haka kowace yarjejeniyar ijara take.

Kada kuma a ce alkawari ne da waɗanda ba Musulmi ba. Muslim ya ruwaito cewa Kuraishawa sun tare Huzaifa bn Yaman da mahaifinsa a hanyar Madina, ba su sake su ba sai da suka yi alkawarin ba za su yi yaƙi tare da Annabi ba. Lokacin Badar ne, ana buƙatar kowane mutum guda. Annabi (SAW) ya ce su koma, za mu cika musu alkawarinsu, mu nemi taimakon Allah a kansu. In an cika wa mushrikan Makka alkawari a ranar Badar, ina ga jami'ar da ke biyan ka?

Sannan wannan kuɗi ba ya tafiya shi kaɗai, ƙarya na biye da shi. Yaro zai cike takardun cancanta yana cewa bai karɓi komai ba. Kai za ka tabbatar wa ofishin kula da bin doka na jami'arku cewa hannunka tsaf yake. Jami'a za ta ba da gurbin karatu bisa wannan shaidar. Sauran jami'o'in da suka tsaya kan doka kuma an ha'ince su, kuma Annabi (SAW) ya ce wanda ya yi ha'inci ba ya tare da mu. Sau da yawa ma ƙaryar ce ke kayar da mutum fiye da laifin farko. Bruce Pearl, kocin jami'ar Tennessee a lokacin, ya gayyaci yaron da yake zawarci gashin nama a gidansa, abin da doka ta hana a lokacin. Da masu bincike suka nuna masa hoto sai ya ce bai gane wurin ba. Tennessee ta sallame shi a 2011.

Batun taimakon talaka kuwa, tambayi kanka: in yaron ya zaɓi wata jami'ar, attajirin zai aika wa iyayensa ko dala ɗaya? In ba zai aika ba, to ba sadaka ba ce, sayen sa hannun yaro ne. Kuma duba wanda ke kwana a ciki in asiri ya tonu. An yi wa mahaifin Brian Bowen alkawarin dala dubu 100 don ɗansa ya je jami'ar Louisville. Da asiri ya tonu, kocin Louisville Rick Pitino ya rasa kujerarsa a 2017, amma daga baya ya sake samun aikin koci. Bowen kuwa bai taɓa buga wasa ko ɗaya a matakin jami'a ba. Silvio De Sousa, ɗan Angola da ke buga wa jami'ar Kansas a lokacin, ya rasa kakar wasa guda saboda kuɗin da aka ce mariƙinsa ya karɓa, alhali hukumar ba ta ce shi ya san da maganar ba. Yaron da kake magana a kansa baƙo ne, bizar ɗalibta ce ke riƙe da shi. In gurbin karatunsa ya tafi, zamansa a ƙasar ma ya shiga garari. Hadisin "ba cuta ba cutarwa" da Imam Malik ya kawo a Muwaɗɗa ya isa ya tsayar da kai a nan. Kuma wa ya tabbatar maka abin da aka damƙa wa mariƙi zai isa hannun uwar yaron?

Malamai sun yi rangwame ga wanda ya ba da wani abu don ya karɓo haƙƙinsa da azzalumi ya danne, in ba shi da wata hanya. Wannan bai shafe ka ba, domin sa hannun yaro ba haƙƙin jami'arku ba ne. "Kowa na yi" kuma ba hujja ba ce a shari'a.

Ga shi ma yanzu ƙofar halal ta buɗe. Tun daga 1 ga Yulin 2021 an yarda ɗan wasan jami'a ya samu kuɗi da sunansa da hotonsa, kuma bayan sulhun shari'ar House, wadda 'yan wasa suka shigar a kan hukumar, a 2025 jami'o'i na iya biyan 'yan wasansu kai tsaye. In attajirin da gaske yake, ka kai shi ofishin kula da bin doka, a rubuta komai a sarari. A tuntuɓi lauyan shige da fice tukuna, domin bizar ɗalibta tana da ƙa'idoji masu tsauri kan neman kuɗi. Ka faɗa wa yaron da iyayensa gaskiyar abin da jami'arku za ta iya yi da wanda ba za ta iya ba, ko da hakan zai sa ya tafi wani wurin.

In ka riga ka karɓi wani abu daga dillalin, kada ka ci. Ka mayar, ka yanke hulɗar, ka tuba, ka sanar da duk yaron da ka taɓa turawa wurinsa cewa akwai maslaharka a cikin shawarar da ka ba shi. In kuma babban kocinku ne ya matsa maka ka kai ambulan ɗin, ka ƙi cikin ladabi, ka ajiye shaidar abin da ya gudana a rubuce, ka fara neman wani wurin aikin.

Wallahu a'alam.