Amsa: Ko man tsirrai masu ƙamshi zai iya maye gurbin antibayotik a abincin buroila?

Ɗan'uwa, na ga tambayarka, cewa an kawo maka tallan wani man tsirrai da ake zuba wa kajin buroila, wato kajin nama, a abinci, an ce yana sa su girma da wuri, har kana tunanin ajiye antibayotik gaba ɗaya. Na jima ina amfani da irin wannan mai, bari in gaya maka abin da na gani.

Abin ba ƙarya ba ne. Tun da Tarayyar Turai ta haramta zuba antibayotik a abincin dabbobi don ƙara girma a 2006, masu haɗa abinci suka karkata ga waɗannan mayuka. Waɗanda aka fi sani su ne man oregano mai sinadarin kabakurol, da man tayim mai timol, da man kirfa, da na kanumfari. Aikinsu a hanji yake. Suna huda fatar wasu ƙwayoyin cuta su raunana su, suna kuma taimaka wa kaza ta fitar da ruwan narkar da abinci. Hanji idan ya samu lafiya, abin da kaza ta ci sai ya zama nama maimakon ya bi kashi.

Ni abin da na fara lura da shi ba nauyi ba ne, shimfiɗa ce. A mako na 3 zuwa na 4, lokacin da kaji ke yawan sakin kashi mai ruwa-ruwa, sai na ga nawa ya ɗaure. Na damƙi garin katakon da ke ƙarƙashinsu, ya warwatse a hannuna bai dunƙule ba, warin da ke sa ido hawaye ma ya ragu. Ƙarin nauyi akwai, amma kaɗan ne, sai ka ɗora a sikeli za ka gane. A zagayen da komai ya tafi daidai kuwa, kusan ban ga bambanci ba. An fi ganin amfaninsa idan kaji na cikin matsi, kamar zafi ko canjin abinci.

Kuskuren da na yi da farko, kada ka maimaita shi. Na sayi tsantsar mai na ɗiga a ruwan sha. Da na leƙa, ga shi nan yana yawo a saman ruwa, ƙwaya-ƙwaya. Kazar da ta fara kai baki ta kwashi mai zafi, ta girgiza kai ta ja da baya, sauran suka ƙaurace wa ruwan. Buroila kuwa idan ta rage shan ruwa, ta rage cin abinci ke nan. Mai ba ya haɗuwa da ruwa, sai wanda aka sarrafa don haka. Na abinci kuma giram kaɗan ake sa wa tan guda, saboda haka ka fara cuɗa shi a ɗan abinci, sannan ka juya cikin mai yawa. Ka bi awon da ke jikin mazubin, domin idan ya yi yawa ƙamshin kansa yana hana su ci. Kuma mai ne mai tashi a iska: buhun da aka bari a buɗe cikin zafi, ƙarfinsa tafiya yake yi. Shi ya sa na fi son wanda aka lulluɓe cikin 'yan ƙananan ƙwayoyi, ya fi jure zafin injin curin abinci.

Inda nake roƙonka ka yi hattara shi ne batun cuta. Wannan mai ba rigakafi ba ne. Rigakafin cutar Gumboro da na Lasota, wato na cutar Newcastle, ka yi su a kan lokaci. Ranar da ka ga kashin jini, ko kaji sun takure sun saki fukafukai, ka kira likitan dabbobi a ba su maganin da ya dace, kada ka tsaya ƙara mai kana asarar kaji. Abin da ya kamata ka bari shi ne ɗirka antibayotik kullum ba tare da ciwo ba.

In za ka gwada, raba zubi ɗaya gida biyu, abinci iri ɗaya, ɓangare guda da mai. Ka riƙa auna su duk mako, kana rubuta buhunan da kowane ɓangare ya ci har kwana 42, sai ka dawo mana da lissafin mu duba tare.