Layi biyu a ƙarƙashin turmin ƙarshe

Ɗana, ka tambaye ni game da hoton panorama, wato hoton X-ray mai nuna haƙora da muƙamuƙi gaba ɗaya, na saurayin nan da ya zo mana Jidda daga Makka. Ka ga layi biyu a ƙarƙashin turmin ƙarshe na ƙasa na hagu, kana so ka san ko hanyar jijiyar ji da ke cikin muƙamuƙi ce ta rabu, ko kuwa hoton ne kawai, kuma ko ka cire haƙorin gobe. To, gobe dai kada ka taɓa shi.

Abin da aka koya muku gaskiya ne. Jijiyar tana shiga ƙashin muƙamuƙi ta kafar da ke ciki can baya, ta bi ƙarƙashin saiwoyin turame, ta ɓullo ta wata kafa kusa da ƙananan turame, daga nan ta ba leɓen ƙasa da haɓa ji. Amma ba kowa Allah ya halitta da hanya ɗaya tak ba. Wani mai bincike, Langlais, da abokan aikinsa sun duba panorama 6,000 a 1985, waɗanda suka ga hanyar ta rabu ba su kai ɗaya cikin ɗari ba. Da wani mai binciken, Naitoh, ya duba da CBCT, wato hoton da ke nuna ƙashi ta kowane ɓangare, a Japan a 2009, sai ya samu reshe a wajen kashi 65 cikin ɗari na mutanen. Ka ga ke nan yawan abin da panorama ke ɓoye mana.

Tana kuma nuna abin da babu shi. Akwai wani ɗan tsagi a bangon ƙashin ta gefen harshe, inuwarsa takan hau kan hanyar ta zama kamar ta biyu. Saboda haka ka ɗora yatsa a kan layin nan, ka bi shi baya a hankali. Reshe na gaskiya yakan zo da farin gefe sama da ƙasa, kuma za ka ga inda ya haɗu da uwar hanyar.

Na yaron nan ya fi kama da reshen da ke hawa sama ya fito bayan turmin ƙarshe, daidai inda wuƙarka za ta fara sauka. Akwai jijiyar ji a cikinsa, akwai ta jini. In ka yanka, jini zai cika maka wurin, dasashin gefen kumatu kuma yana iya rasa ji. Irin waɗannan rassa na cikin dalilan da kan sa ka yi allurar kashe zafi yadda ya kamata, leɓe ya mutu, amma kana taɓa haƙori mutum ya zabura. Kada ka ce raki ne.

Abin da ya fi damuna ma saiwar ce. Sake dubawa: ta yi duhu a inda ta gitta hanyar, farin layin sama kuma ya katse. Alamun kusanci ne sosai. Wanda aka taɓa wa wannan jijiya, shayi yakan zubo masa ta gefen baki bai sani ba, wani wata da watanni, wani har abada.

Ba kowa nake turawa CBCT ba, domin akwai kuɗi, akwai ƙarin hasken X-ray a jiki. Shi wannan ya cancanta. Ka rubuta a ɗauki gefen hagu kaɗai. In saiwar ta manne da hanyar, za mu yanke kan haƙorin mu bar saiwar a wurinta. Ka zaunar da shi ka yi masa bayani da Hausa, na lura ya fi sakin jiki da ita, sannan ka kawo min hoton mu duba tare kafin a sa rana.