Yadda za ki zana ƙannenki su fito kamar 'yan gida ɗaya

'Yar'uwa, kin ce kina koyon zane a Gombe, kin zana ƙannenki mata uku amma sun fito a sandare, kamar ba su san juna ba. Ina ganin matsalar daga jera su ne, ba daga fenti ba.

Ki nemi zanen Sofonisba Anguissola, mutuniyar Kiremona a Italiya, na shekarar 1555. Ƙannenta uku ta zana suna wasan darar Turawa. Babbar tana kallon mai zanen, mai bi mata ta ɗaga hannu tana kallon babbar, ƙaramar kuwa tana ta murmushi tana kallon mai ɗaga hannun. Wannan kallon-kallon shi ya ɗaure su wuri ɗaya. Ki ba naki abin yi, ko kitso ko lalle, ki zana su suna ciki.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a zana yaro kamar ƙaramin babba. Kan yaro babba ne a kan jikinsa, goshi mai faɗi, idanu sun ɗan yi ƙasa. Fentin mai kuma yana ɗaukar kwanaki kafin ya bushe, ki kare shi daga ƙurar hunturu.

Koyon daidaita girman sassan jiki a zane sai a gaban malamin zane. Hukuncin zana mai rai kuwa, malaman addini za ki tambaya.