Hukuncin Ɓata Katangar Mutane da Rubutu, da Zargin Masu Yin Sa da Sata

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni magidanci ne a Anguwan Rogo, nan cikin Jos. Tun bayan babbar sallah wasu samari suka tsiri bin katangun layinmu da daddare suna rubuta laƙabinsu da sunan dabarsu, wani wurin da gawayi, wani wurin da fentin feshi, har da zanen wuƙa a jikin katangar Islamiyyarmu. Sau biyu ina sake fentin gidana suna dawowa. Cikin 'yan makonnin nan kuma an fasa wani shago a bakin layin, an ƙwace wayoyin mutum biyu. An ga wani yaro ɗan maƙwabta da gwangwanin fenti, shi ne wasu ke cewa a kama shi a lakaɗa masa duka har sai ya faɗi waɗanda suka fasa shagon. Mene ne hukuncin wannan rubutu? Ya halatta mu ɗora musu alhakin satar? Kuma ina da haƙƙin neman mahaifin yaron ya biya ni kuɗin fenti?

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa.

Yin rubutu ko zane a jikin katangar da ba taka ba, ba tare da izinin mai ita ba, haramun ne, ko da abin da aka rubuta ba zagi ba ne. Katanga dukiya ce, fentin da ke jikinta ma dukiya ne da aka saya da kuɗi aka biya mai shafawa ladansa, kuma Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya faɗa a Hajjin Bankwana cewa jininku da dukiyoyinku da mutuncinku haramun ne a tsakaninku. Ya zo a wani hadisin cewa dukiyar Musulmi ba ta halatta sai da daɗin ransa, sannan Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa cewa babu cuta babu cutarwa. Wannan hukunci bai bambanta tsakanin gidan Musulmi da gidan maƙwabcinsa Kirista ba, kuma bai bambanta tsakanin gidan mutum ɗaya da ginin gwamnati ba. Katangar firamare da ta asibiti da jikin gada da allon alamar hanya dukiyar jama'a ce baki ɗaya, don haka wanda ya ɓata su ya ɗauki haƙƙin mutanen da ba zai iya bin su ɗaya bayan ɗaya ya nemi yafiya ba. Wanda ya ba samari kuɗi da fenti lokacin zaɓe don su rubuta sunan ɗan takararsa a gidajen mutane, shi ma yana da kasonsa cikin zunubin.

Laifin yana ƙara nauyi gwargwadon abin da aka rubuta. Idan an kira sunan wata yarinya aka jingina mata alfasha, wannan ƙazafi ne, wanda Allah ya ambaci bulala tamanin a kansa a aya ta 4 cikin Suratun Nur. Idan zanen wuƙa ne ko gatari ko wata kalmar barazana da ake nufin tsorata masu wucewa da ita, to Abu Dawuda ya ruwaito cewa bai halatta ga Musulmi ya firgita Musulmi ba. Idan kuwa zagin wani addini ne ko wata ƙabila, wannan shi ne mafi haɗari a gari irin namu. Allah ya hana mu zagin abin da wasu ke bauta wa a aya ta 108 cikin Suratul An'am, domin kada su rama da zagin Allah bisa jahilci, kuma duk wanda ya ga abin da ya faru a Jos a 2001 da 2008 da 2010 ya san cewa kalma ɗaya da aka wayi gari da ita a jikin bango tana iya jawo abin da wanda ya rubuta ta bai taɓa tunani ba. Ina ƙarawa da wani abu da masu kyakkyawar niyya ke yi, wato rubuta aya ko sunan Allah a katangar da ake fitsari a gindinta don a ji kunya a daina. Na sha wucewa ta wani lungu a hanyar masallaci da asuba, ga sunan Allah da manyan baƙaƙe, ga kwata tana gudana a ƙasansa, ga shara an jibge, kuma ba a fasa fitsarin ba. Malamai sun karhanta rubuta Alƙur'ani a bango ko da mai tsafta ne, to ina ga inda aka tabbatar najasa za ta same shi. A goge shi, a rubuta gargaɗin da maganar yau da kullum.

Game da biyan kuɗi, ƙa'idar ita ce wanda ya ɓata shi ke gyarawa. Lokacin da ɗaya daga cikin matan Annabi ta fasa akushin abokiyar zamanta, ya yi hukunci da cewa abinci a madadin abinci, akushi a madadin akushi. Malamanmu na Malikiyya sun bambanta tsakanin ɓarnar da ta halaka abu gaba ɗaya, wadda ake biyan ƙimarsa, da ɓarna 'yar kaɗan, wadda ake gyarawa a biya abin da ya tauye. Rubutu a katanga yana cikin kashi na biyu, saboda haka abin da ke kan wanda ya yi shi ne kuɗin fenti da ladan mai shafawa, gwargwadon wurin da ya ɓata, ba fentin gida ɗungurungum ba. Idan yaron bai balaga ba, biyan yana cikin dukiyarsa in yana da ita, in ba shi da ita ya zama bashi a wuyansa. Ba a tilasta wa mahaifinsa, sai in shi ya sa shi, ko da yake uba mai mutunci ba ya jira a tilasta masa. Duk wannan kuma bayan ya tabbata shi ne ya yi, ta hanyar amsa laifinsa ba tare da tursasawa ba, ko shaidar adilai da suka gan shi. Riƙe gwangwanin fenti kaɗai bai isa ba, domin masu walda da masu gyaran babur da masu rubuta allon shago duk suna amfani da shi.

Yanzu sai maganar da ta fi muhimmanci a tambayarka, wato alaƙar rubutun da fasa shago da ƙwacen waya. A nan akwai abubuwa biyu da mutane ke cakuɗawa, kuma cakuɗa su ne ke jawo zalunci.

Gaskiya ne cewa unguwar da aka bar katangunta a ɓace tana jan wasu laifuffukan. Hausawa sun riga kowa faɗa, cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A 1982 wasu masana biyu a Amurka, James Wilson da George Kelling, suka yi bayanin cewa idan aka fasa gilashin taga ɗaya aka bar shi ba gyara, ba da jimawa ba za a farfasa sauran, saboda tagar tana shelanta wa kowa cewa babu mai kula da wurin. An jarraba wannan a birnin Groningen na ƙasar Holan, aka buga sakamakon a 2008. A wani lungu da ake ajiye kekuna, masu binciken suka rataya takardar talla a hannun kowane keke. Lokacin da bangon yake fes, kashi 33 cikin ɗari ne suka yar da takardar a ƙasa, da aka ɓata shi da rubutu sai adadin ya kai kashi 69. Suka kuma bar ambulan mai ɗauke da Yuro 5 tana leƙe daga akwatin wasiƙu: kashi 13 cikin ɗari suka sace ta a wuri mai tsafta, kashi 27 suka sace ta da aka ɓata akwatin da rubutu. Shari'a ba baƙuwar wannan ma'ana ba ce. Imamu Ahmad ya ruwaito gargaɗin Annabi game da zunuban da ake rainawa, inda ya kwatanta su da matafiya da suka sauka a wani kwari, wannan ya kawo ɗan ice, wancan ya kawo ɗan ice, har suka tara abin da ya gasa musu gurasa. Toshe kafar ɓarna tun tana ƙarama kuwa asali ne sananne a mazhabar Malik. Haka nan babu mai musun cewa a Jos akwai 'yan Sara-Suka da sauran 'yan daba, kuma daba tana son a san inda take da ƙarfi, tana son a ji tsoron sunanta. Rubuta suna a katangar Islamiyya gwaji ne, ana auna ko akwai mai tankawa.

Amma ɗan'uwa, ka lura da abin da wannan bincike ya nuna. Waɗanda suka sace ambulan ɗin masu wucewa ne, ba waɗanda suka ɓata akwatin ba. Wato rubutun yana ba da labarin halin da unguwa take ciki ne, ba ya ba da shaida a kan wani mutum ayyananne. Ko a can Amurka masana sun yi saɓani mai tsawo a kan wannan ra'ayi, saboda laifuffuka sun ragu a shekarun 1990 har a biranen da ba su bi shi ba, kuma a inda 'yan sanda suka ɗauke shi da zafi, 'ya'yan talakawa da baƙaƙen fata ne suka sha kame da tsangwama a kan ƙananan abubuwa. Yaro na iya rubuta laƙabinsa a bango don neman suna a cikin sa'o'insa, alhali bai taɓa ɗaukar allurar wani ba, ɓarawon kuma ya zo daga wata unguwa bai taɓa riƙe gawayi ba.

Shari'a tana aiki da alamomi, ba na musun haka. An gane gaskiyar Annabi Yusuf ne da rigarsa da ta yage ta baya, kuma malamin Malikiyya Ibn Farhun ya yi dogon bayani a kan hukunci da alamomi a littafinsa Tabsiratul Hukkam. Sai dai yagewar rigar tana da alaƙa kai tsaye da abin da ake tuhuma a kai. Wayar da aka ƙwace in an same ta a aljihun mutum alama ce ta ƙwace, gwangwanin fenti kuwa iyakarsa ya zama alamar rubutu. Allah ya ce ku nisanci da yawa daga zato, domin wani sashen zato zunubi ne, ya kuma ce babu ran da zai ɗauki nauyin laifin wani ran, Annabi kuma ya ɗora kawo hujja a kan mai ƙara. Saboda haka bai halatta ku kira yaron nan ɓarawo ba, kuma dukansa don ya yi magana haramun ne. Abin da aka faɗa a ƙarƙashin duka ba hujja ba ne, domin wanda ya ji wuya zai kira sunan duk wanda ya zo bakinsa, sai a koma kan wani ɗan mutane. Ladabtarwa aikin hukuma ce, ba aikin taron jama'a ba, kuma mun ga yadda dukan da aka fara da sunan horo yake ƙarewa da gawa, a garin da ɗan ƙaramin tashin hankali ke saurin sauya kama.

Abin da nake ba ku fatawa da shi shi ne ku goge rubutun da gaggawa, kuma ku sake gogewa duk lokacin da aka mayar, ko da da farar ƙasa ce. Kawar da abin cutarwa daga hanya yanki ne na imani kamar yadda Muslim ya ruwaito. Hukumar jiragen ƙarƙashin ƙasa ta birnin New York ta bi wannan hanya daga 1984 zuwa 1989, ta hana duk taragon da aka ɓata fita aiki sai an wanke shi, har masu rubutun suka gaji, tunda ladansu kawai shi ne a ga sunansu. Kafin ku goge, ku ɗauki hoton duk abin da ke ɗauke da barazana ko sunan daba, ku kai wa mai unguwa da 'yan sanda tare da rahoton fasa shagon da ƙwacen wayar, su ne za su bincika ko akwai alaƙa. Kada a bar maka nauyin fentin kai kaɗai, 'yan layi su haɗa kuɗi, a kuma sa fitila a lungun da ya fi duhu.

Shi kuwa yaron, dattawa biyu ko uku su je wurin mahaifinsa cikin sirri, tare da limami in ya samu, a tambaye shi ba tare da tozartawa ba. Idan ya amsa cewa shi ne, a ba shi buroshi ya shafe abin da ya rubuta da hannunsa, a kuma bincika su waye abokansa, yana zuwa makaranta ko wurin koyon sana'a, kuma ko ya fara taɓa sholisho ko ƙwaya, domin idan akwai haɗari a tare da shi, a nan yake. Idan kuma aka ga yana da baiwar hannu, a haɗa shi da mai rubuta allon shago ya koya, wannan sana'a ce ta halal. Idan ya musa kuma babu wanda ya gan shi, a ƙyale shi, kuma kai mai tambaya ka hana masu neman dukansa gwargwadon ikonka.

Wallahu a'alam.