Amsa ta murya: me ya sa ake girmama kaset ɗin farko na Bad Brains?

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ƙanena, na ji tambayar da ka yi, cewa ka saurari kundin farko na ƙungiyar Bad Brains, ba ka ji komai ba sai ihu da hayaniya, kana mamakin yadda masana kiɗa suke ɗaga shi sama haka. Tambayar tana kan hanya, domin kunnen da bai saba da salon da ake kira hardcore punk ba, wato wani reshe na kiɗan rock mai tsananin sauri da zafi, abin da zai fara ji ke nan.

Abu na farko da nake so ka riƙe shi ne, waɗannan mutane huɗu gwanaye ne da suka san hannunsu tun kafin su taɓa punk. Matasa ne baƙaƙen fata daga yankin Washington, babban birnin Amurka, kuma a ƙarshen shekarun 1970 kiɗan jaz mai wuyar bugawa suke yi da sunan Mind Power. Akwai H.R. mai rera waƙa, da ƙanensa Earl Hudson mai ganguna, da Dr. Know mai jita, da Darryl Jenifer mai jitar bes. Punk na wancan zamani ya yi suna da cewa ko wanda bai iya kiɗa ba yana iya hawa dandali, amma su sai suka shigo da ƙwarewar jaz, suka ninka saurin kiɗan ba tare da wani ya kuskure bugu ba. Idan ka sake saurare, ka bar muryar mawaƙin tukuna, ka bi gangar Earl Hudson kaɗai, za ka ji yadda su huɗun suke tsayawa cak a lokaci guda, su kuma fashe a lokaci guda, kamar 'yan tseren dawaki da linzami ɗaya ke riƙe da su. Wannan daidaito cikin gudu shi ne abin da ya ɗaure wa samarin lokacin kai.

Kundin ya fito a farkon 1982, kuma a kaset kaɗai, domin kamfanin ROIR na birnin New York da ya fitar da shi kaset yake bugawa a lokacin. An naɗe shi a wani ƙaramin sitidiyo mai suna 171-A a 1981, bayan ƙungiyar ta koma New York saboda gidajen wasa na Washington sun daina ba su fili, wanda shi ne labarin da waƙar "Banned in D.C.", wato "an haramta a Washington", take bayarwa. A bangon kaset ɗin an zana tsawa tana faɗa wa ƙubbar majalisar dokokin Amurka, a farkon mulkin Ronald Reagan.

Wurin da ni dai kundin ya fi kama zuciyata shi ne inda waƙa ta biyar take ƙarewa ta shida ta fara. Bayan an sha gudu a waƙoƙi biyar, yawancinsu ba su cika minti biyu ba, sai kwatsam komai ya lafa, "Jah Calling" ta shigo da reggae mai nauyi da natsuwa, jitar bes tana tafiya a hankali, jita tana amsa-kuwwa daga nesa. Sun rungumi aƙidar Rasta bayan sun ga wasan Bob Marley, kuma mu da muka tashi muna jin reggae a rediyo za mu gane cewa reggae ɗin nasu na gaske ne. Can kusa da ƙarshe "I Luv I Jah" ta haura minti shida. Wanda ya iya riƙe kiɗa a hankali har tsawon haka ya nuna maka cewa saurin da ya yi a baya zaɓi ne ya yi da gangan.

Saƙon ma ya bambanta da na yawancin 'yan punk, waɗanda suka fi karkata ga yanke ƙauna. A waƙar "Attitude" suna kira ne ga kyakkyawan zato da ƙarfin zuciya, abin da suka taƙaita da haruffa uku, PMA, wato Positive Mental Attitude a Turance, kuma har yau matasan wannan salo suna rubuta haruffan a rigunansu.

Game da tasiri kuwa, Ian MacKaye da Henry Rollins suna samari a Washington suke zuwa kallon Bad Brains. Na farkon ya kafa ƙungiyar Minor Threat da kamfanin kiɗa na Dischord, na biyun ya zama mawaƙin ƙungiyar Black Flag a 1981. Beastie Boys sun fara ne a matsayin 'yan hardcore a New York ƙarƙashin inuwarsu kafin su koma rap, kuma marigayi Adam Yauch, ɗaya daga cikinsu, ya ɗauki wannan kaset a matsayin mafi kyau a salon gaba ɗaya. Dave Grohl, wanda ya buga wa ƙungiyar Nirvana ganguna, ya sha faɗin abin da ya koya daga gare su. Abin da yake ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda mutane da yawa suke ɗaukar hardcore kiɗan fararen fata zalla, alhali waɗanda suka kafa masa ma'auni baƙaƙen fata ne.

A 1983 sun sake naɗar waƙoƙi da dama daga ciki a kundin Rock for Light, ƙarƙashin kulawar Ric Ocasek, mawaƙin ƙungiyar The Cars, da sauti mafi tsabta. Duk da haka, ƙanena, na kaset ɗin nan zan ba ka shawara ka koma wa, ka saurare shi a jere daga farko har ka wuce waƙa ta shida, sannan ka turo mana ra'ayinka.